Jirgi ya makara, babu mai ce maka uffan

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a yi min haƙuri, rubutun zai ɗan yi tsawo, amma in ban amayar da shi ba zai ci gaba da ci na a rai. Na san dokar gidan nan, ba zan kama sunan fili ko na kamfani ba. Filin jirgi ne dai na ƙasa da ƙasa, a nan Arewa.

Makon jiya muka raka Hajiyarmu za ta Umara. Shekararta 71, Turanci kuwa ko "zo in kashe ki" ba ta ji. Tikiti ya ce ƙarfe 2 na rana, ejan ya ce mu kasance a fili tun 10 na safe, mu kuwa 9 da rabi ta yi mana a can. 'Yan rakiya ba sa wuce ƙofa, wannan ban ƙi ba. Muka yi sallama, ta shiga tare da wata maƙwabciyarmu da za su tafi tare, mu muka koma ƙarƙashin rumfa muna jiran mu ji ƙarar tashin jirgi.

Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Duk kiran da na yi mata amsa ɗaya ce: "Muna nan zaune 'yar nan, ba a ce komai ba." Ashe wajen ƙarfe 5 an yi magana a lasifika, da Turanci, lasifikar kuma tana kwarmato kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Waɗanda suka gane suka tashi suka nufi kanta. Tsofaffi suka ci gaba da zama da carbinsu a hannu. Sai bayan magariba wata yarinya mai goge ƙasa ta tsaya a kansu da tsintsiyarta ta ce, "Iya, ba ku ji ba ne? Ai an ɗaga jirginku sai gobe da asuba." Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ita ce ta kama wa Hajiya jakar hannu har bakin ƙofa.

Hajiya tana da ciwon suga. Tun shayin safe ba abin da ya shiga cikinta sai dabino 5 da na zuba mata a jaka. Banɗaki babu ruwa, ga butoci a jere amma ko ɗigo, da ruwan roba na saye ta yi alwala. Mu da muke cikin gari mun dawo da ita gida. Waɗanda suka zo daga ƙauyuka fa, na gan su da idona suna shimfiɗa zannuwa a kan tayil.

Ban yi fushi don jirgi ya makara ba, ƙarfe ne, yana iya lalacewa. Shirun nan ne ya ƙona min rai. Tambayata ita ce, haƙƙin wa ne ya zo ya tsaya gaban mutanen nan ya yi musu bayani da harshen da suke ji?

Auta:
Subhanallah. Sannu Anti, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ta dai samu tafiya daga baya?

Maman Hanifa:
Ta tafi ƙanena, alhamdulillah. Asubar da aka ce ta zama hantsi, amma tana Madina yanzu.

Ɗan Kwari:
Hajiya kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni a shekara ina fita sau 4 ko 5 saro kaya, kuma na haddace tashoshin kamar karatun allo. Daga bakin ƙofa mai keken tura kaya ya riga ya cafke akwatinka kafin ka buɗe baki. Ka wuce na'urar da ta gama leƙa cikin jakarka tas, taku goma a gaba ga tebur, "Alhaji buɗe mu gani." Ka buɗe, a yamutsa maka kayan da matarka ta kwana tana ninkewa, sannan a yi murmushi a ce "Alhaji ina na goro?" Ka matsa gaba wani mai kakin daban, shi kuma "yaranka ne fa a nan, ranka ya daɗe." Na taɓa ƙirgawa, hannu 6 aka miƙo min kafin in kai ɗakin jira.

Abin dariyar, tun watan Mayun 2017 Osinbajo, lokacin yana shugaban ƙasa na riƙon ƙwarya, ya sa hannu a dokar da ta hana 'yan kamasho da roƙo a filayen jirgi, ta ce hukumomin tsaro su haɗa bincikensu wuri ɗaya. An kwashe teburan na ɗan lokaci, har muka fara murna. To ku da kuke tafiya ku faɗa min inda aka kwana.

Bazazzagi:
Zan faɗi abin da ba za a so ji ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, kuma a wannan magana daddawar gaske ce, don tana cikin jakunkunanmu. An ce maka kilo 23, ka zo da kilo 35, ga kuka, ga yajin daddawa, ga manja a jarka yana yoyo, ga kilishi. An ce a rage ko a biya, sai ka fara "haba ɗan uwa, a taimaka." Wa ya fara miƙa hannu a nan? Mu muka koya musu. Wanda kayansa suke daidai, takardunsa suke daidai, ya ce "ba ni da shi" ya wuce, babu mai tsare shi.

Sannan layi. Mutum 100 suna tsaye, sai wani mai babbar riga ya shigo da yara biyu suna riƙe masa jaka, a kewaye da shi ta gefe, kowa ya yi shiru, wasu har da ɗaga hannu suna gaisuwa.

Maman Hanifa:
Malam Bazazzagi, jakar Hajiya kilo 14 ce. Ba ta ɗauki ko ƙullin kuka ba. Wane laifi ta yi da aka bar ta zaune awa 8?

Bazazzagi:
A'a Hajiya, ba da mahaifiyarki nake ba wallahi, da maganar Alhaji Ɗan Kwari nake. Naki kam babu ja a ciki.

Tsohon Ma'aikaci:
'Yata, na yi aiki a filin jirgi shekaru masu yawa kafin in ajiye, bari in warware miki yadda abin yake, don fasinja yana ganin duk wanda ke rataye da kati a wuya abu ɗaya ne, alhali gidaje ne daban-daban ƙarƙashin rufi ɗaya.

Gini, kujeru, wuta, ruwa, jami'an da ke tsaron ƙofa da motar kashe gobara, wannan na mai filin ne. A yawancin filayenmu FAAN ce, wato hukumar filayen jirgi ta tarayya, wasu kuma gwamnatocin jihohi ne suka gina. Masu magana da matuƙi daga hasumiya NAMA ne. Masu auna yanayi NiMet. NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ita ce alƙali, ita take ba kamfanoni lasisi, ita take hukunta su. Masu auna miki kaya a sikeli su ba ki takardar shiga jirgi, sau da yawa ma ba ma'aikatan kamfanin jirgin ba ne, wani kamfani ne daban aka ɗauka haya yana yi wa jirage da yawa hidima. Ga kwastam, ga shige da fice, ga NDLEA, ga masu duba katin allurar shawara, kowa da ogansa a Abuja, kuma manajan fili ba shi da ikon korar ko ɗaya daga cikinsu.

To amsar tambayarki: kamfanin jirgi ne yake da alhakin sanar da fasinjansa, don da shi kika ƙulla ciniki. Mai lasifika abin da aka miƙo masa a takarda shi yake karantawa. Amma bari in faɗa miki abin da na gani. Sau da yawa yaron da ke kan kanta shi ma bai sani ba. Jirgin yana wani gari, hedikwata tana ce masa "ka ce su ɗan jira." Yana tsoron ya fito ya ce an ɗaga, mutum 200 su yi masa caa, na sha ganin an cakumi wuyan rigar yaro a kan abin da ba shi ya yi ba. Sai ya zaɓi ya ɓace. Ba kare shi nake ba, dalilin ɓacewar nake gaya miki.

Maman Hanifa:
Na gode Baba, yanzu na fara ganewa. Amma Hausar fa? Ita ma sai an jira umarni daga hedikwata?

Tsohon Ma'aikaci:
Nan kam ba ni da bakin kare kowa. Turanci shi ne harshen da matuƙi da hasumiya suke amfani da shi a tafiyar ƙasa da ƙasa, wannan dole ne. Amma ban taɓa ganin abin da ya hana a maimaita wa fasinja sanarwa da Hausa ba. A zamaninmu lokacin jigilar alhazai ma'aikatan hukumar alhazai ta jiha ne suke zagayawa da lasifikar hannu suna kiran mutane gari-gari, kuma abin yana tafiya. Da an gama Hajji sai a ajiye lasifikar, kamar masu Umara ba tsofaffin nan ba ne.

Ɗalibi a Alƙahira:
Baba ya yi gaskiya. A nan filin Alƙahira da Larabci ake fara sanarwa sannan Turanci ya biyo baya. Ka shiga jirgin Habasha, da Amharik za a fara gaishe ka. Babu wanda yake ganin hakan ƙauyanci ne. Mu ne kawai muke jin kamar in aka yi Hausa a lasifika darajar fili za ta zube, alhali in ka waiwaya ɗakin jiran, kusan kowa da Hausa yake hira.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ku bar ganin ku kaɗai ne. A Yamai kamfanin Summa na Turkiyya ya sake filin Diori Hamani, an buɗe shi a Yunin 2019 gab da taron shugabannin Afirka, gini kam sai wanda ya gani. Amma tsohuwa daga Tasawa ko Mirya in ta je tafiya a wajenmu, Faransanci ne zai tare ta a takardu da alluna, ita da Hajiyar Maman Hanifa duk kanwar ja ce. A 2025 an rubuta a kundin ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa, muna jira mu ga ranar da abin zai sauko daga takarda.

Mu mutanen Damagaram da Maraɗi ma da yawa Kano ta fi mana kusa da Yamai. Daga Damagaram zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne, Kano kuwa ko 300 ba ta kai ba. Don haka gyaran filayenku ya shafe mu.

Sarkin Tsokana:
Ni dai a faɗi sunan kamfanin kawai mu huta, ai kowa ya san su.

Admin:
Sarkin Tsokana, na goge saƙonka na biyu. Dokar gida tana nan, ba a kama suna a kan abin da ba mu da takardarsa a hannu. Mai ƙorafi na gaske akwai inda ake kaiwa, ga Barista nan ya shigo.

Lauyan Talaka:
Na daɗe ina karantawa ina jiran a zo nan. Hajiya, abin da ya faru da mahaifiyarki akwai doka a kansa, kuma ba ta da tsawo. Sashe na 19 na dokokin NCAA shi ne na kare haƙƙin fasinja.

In tafiyar cikin gida ce: jirgi ya makara, wajibi ne kamfani ya faɗi dalili. Ya kai awa 2, abin sha da ɗan abin taɓawa da damar kiran waya. Ya wuce awa 3, kana da ikon ka ce a mayar maka da kuɗinka ka fasa. In jiran ya faɗa tsakanin 10 na dare da 4 na asuba, masauki da motar kai ka da dawo da kai. In tafiyar waje ce irin ta Hajiya, ya wuce awa 4 abinci ne sosai, in ya kai awa 6 masauki da mota. Wato matan nan da suka kwana a kan tayil, otal ne haƙƙinsu, ba alfarma ba. Kuɗin da za a mayar kuma, in da tsabar kuɗi ka saya nan take ne, in ta banki ne cikin kwana 14.

A manyan filayenmu akwai teburin jami'an NCAA masu karɓar koke, kuma suna da shafin shigar da ƙorafi a intanet. Ki adana tikitin, ki adana takardar shiga jirgi, ki rubuta lokutan da kika faɗa mana nan tun ba ki manta ba. Ki fara rubuta wa kamfanin, in suka yi biris ki wuce NCAA.

Bazazzagi:
Barista, doka a takarda daban, ƙasa daban. Ka taɓa ganin wanda aka kai otal?

Lauyan Talaka:
Na gani, ni kaina an kai ni. Mu 9 ne muka tsaya a kanta, babu zagi babu ɗaga murya, na buɗe sashen a wayata na nuna wa manajan tashar, na ce ya rubuta min a takarda cewa ya ƙi. Bai rubuta ba, mota ya kira. Sauran fasinjojin, fiye da 80, sun riga sun watse suna "Allah ya isa." Kamfani ya san lissafinsa sarai, in mutum 9 ne kawai za su tambaya, ya ci riba. Mu da mun ce "haka Allah ya ƙaddara" mun tafi gida. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta hana ka karɓar abin da ka biya kuɗinsa ba.

Maman Hanifa:
To Barista tsohuwar da ba ta san an ɗaga jirgin ba ma, ta yaya za ta san akwai wani sashe na 19? Ka ga mun dawo kan maganata.

Lauyan Talaka:
Mun dawo kam. Ba ni da amsar wannan.

Hajiyar Dubai:
Ni bari in ja kunnen masu raka tsofaffi a kan abin da ya fi yunwa da kwanan tayil haɗari. Ku tuna ɗalibar nan ta wata jami'a a Kano da aka kama a Saudiyya a Disambar 2018, an liƙa sunanta a wata jaka da ba tata ba, cike da ƙwayoyin tramadol. Wata 4 ta yi a tsare, sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sako ta bayan bincike ya gano wasu ma'aikatan fili ne suka yi aika-aikar. Ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kisa ne fa.

Tun daga lokacin ni ga yadda nake yi. Ina tsaye a kan sikeli har sai na ga an liƙa wa jakata takarda da idona. Ina ƙirga 'yan sitikun da ake manna min a bayan takardar shiga jirgi, jaka 2 na ba da, sitika 2 zan gani, in na ga 3 ba zan motsa daga wurin ba. Ina ɗaukar hoton jakunkunan a kan sikeli. Fasfo ɗina ba ya barin hannuna ya tafi wani ɗaki da sunan "a taimaka miki Hajiya." Kuma ko uwata ce ta ɗauko ka, ba zan riƙe maka saƙo ba, kai ko da ƙullin yaji ne. Masu zuwa Saudiyya a bar goro a gida, an hana shiga da shi. Batirin cajin waya a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin akwati ba. Turare ko man shafawa da ya wuce mililita 100 kuwa akwati zai shiga, in kika bar shi a jakar hannu kin yi wa wani kyauta.

Tsohuwar da ba ta karatu ba za ta iya ƙirga sitika ba in ba a nuna mata ba. Ku nuna musu tun a gida.

Auta:
Anti Hajiya wannan na kwafe shi na tura gidanmu. Ni akwatina ya taɓa ɓata kwana 6, na dawo gida ina ta kiran waya ana min yawo da hankali.

Lauyan Talaka:
Auta, kuskuren shi ne fitowa daga fili. In bel ɗin da ke fito da kaya ya gama juyawa ba ka ga jakarka ba, kafin ka wuce kwastam ka nemi teburin kayan da suka ɓata, a cike maka fom a ba ka lamba. A tafiyar waje yarjejeniyar Montreal ta 1999 ce take aiki: jaka ta fashe, kwana 7 gare ka ka rubuta koke. Ta makara, kwana 21 daga ranar da ta iso hannunka. In ta cika kwana 21 ba ta zo ba, a doka ta ɓata, sai maganar biya. Kuma akwai iyakar abin da za su biya, don haka gwal da kuɗi da magani ba sa shiga akwati.

Baba Alhaji:
Yara kuna ta magana, ni abin tausayi yake ba ni. Kun san Kano tana cikin garuruwan farko da jirgin sama ya sauka a ƙasar Najeriya? Ranar 1 ga Nuwamba 1925, jirage 3 na sojan saman Ingila, a filin wasan dawakai. A 1936 aka fara jigilar fasinja. Da can jiragen da ke tsallaka Sahara daga Turai dole su ya da zango a Kano su sha mai. KLM tun 1947 take zuwa, ba ta daina ba sai 2012. Ni na hau ta daga nan har Amsterdam ban bi ta Legas ba. Ga Nigeria Airways kafin ta rushe a 2003, ga Kabo. Ranar Juma'a da yamma mukan je kallon jirgi kawai, mu sha lemo mu dawo.

Yanzu an yi sabon gini, kamfanin CCECC na China ya gina da bashin da aka ciyo, irin wanda aka yi a Abuja da Legas da Fatakwal. Na shiga, ya yi kyau, ba na ƙin gaskiya. Saudia tana zuwa, EgyptAir da Ethiopian suna zuwa, Qatar ta fara a Maris 2022. Amma ku tuna bayan korona, Legas da Abuja an buɗe su ga jiragen waje tun Satumbar 2020, Kano sai Afrilun 2021. Wata 7 ɗan kasuwar Kwari yana kwasar kaya zuwa Abuja kafin ya ga jirgi. Fili in ba a ɗauke shi da muhimmanci daga sama ba, yaya mai goge ƙasa da mai lasifika za su ɗauke shi?

Maman Hanifa:
Baba, mai goge ƙasar ce fa kaɗai ta ɗauke mu da muhimmanci ranar.

Baba Alhaji:
Kin kama ni 'yata. Na janye wannan.

Malamin Zango:
Daga Kumasi nake bibiyarku. A Accra an buɗe sabon gini na uku a 2018, kuma abin da ya fi burge ni ba gilashin ba ne, allunan ne. Ko ina ka juya ga allo yana nuna jirginka, lokacinsa, ƙofarsa, in ya makara ya nuna. Ba ka buƙatar roƙon kowa. Alhazanmu na arewacin Gana kuma daga Tamale suke tashi kai tsaye yanzu, sun huta da doguwar tafiya zuwa Accra. Sai dai allo ma na mai karatu ne. Kakata da ta je Hajji, lambar jirginta na rubuta mata a tafin hannu da biro, na ce duk wanda ta gani da kaki ta buɗe masa hannun.

Ɗan Kwari:
Baba Tsohon Ma'aikaci, tambaya ɗaya. Duk sanda aka makara sai a ce mana "yanayi." Ka leƙa waje rana tar, babu hadari babu iska. Ba raina hankali ba ne?

Tsohon Ma'aikaci:
Wani lokaci raina hankali ne Alhaji, wani lokaci gaskiya ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana sauka, kai a ƙasa kana ganin rana, amma abin da ake aunawa shi ne mita nawa matuƙi zai iya hangowa a kan titin jirgi. Kowane fili da ƙa'idarsa gwargwadon na'urorin saukar da ke cikinsa. In awon ya gaza, matuƙi ba zai sauka ba ko gwamna ne a ciki, sai dai ya juya wani gari. Kuma ba lallai hazon a garinku yake ba. Jirgi ɗaya ne zai yi Legas, Abuja, Kano, ya koma, ya sake fitowa. In ya makara awa 2 da safe a can, kai mai jirgin yamma kai za ka biya bashin. Wasu ƙananan filayen kuma da rana ta faɗi an rufe, don haka in aka makara sai gobe. Ga tsuntsu ya faɗa inji, ga rufe sama in shugaban ƙasa zai wuce, ga ranar da man jirgi ya yi wuya.

Inda raina hankalin yake shi ne, in yanayi ne doka ta sauke wa kamfani biyan diyya, in matsalarsu ce ba ta sauke ba. To ka ga dalilin da ya sa kalmar take da daɗin faɗa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ka duba ko jiragen wasu kamfanoni suna tashi zuwa garin da za ka. In suna tashi naku yana zaune, hazon a ofis yake.

Sarkin Tsokana:
"Hazon a ofis yake." Baba wallahi na sace wannan.

Bazazzagi:
Ni har yanzu ina kan bakata cewa rabin gyaran a hannunmu yake. Amma na yarda da abu ɗaya, ɗaukar mutum biyu masu jin Hausa da Fulatanci da Kanuri su riƙa zagaya ɗakin jira ba zai kai kuɗin kujerun ɗakin manyan baƙi ba.

Hajiyar Dubai:
Rabi ya yi yawa Malam. Ni na biya kuɗin tikiti, a cikinsa akwai harajin hidimar fasinja da ake cira don fili. Ban biya don in zo da butata da ruwana ba.

Maman Hanifa:
Barista, na rubuta takardar daren jiya, babban ɗana ya juya min ita zuwa Turanci. Na sa lokutan duka, na sa maganar ciwon suga, na sa ta matan da suka kwana a ƙasa ko da yake ban san sunan ko ɗaya ba. A ƙarshe na roƙi abu ɗaya, a riƙa maimaita sanarwa da Hausa. Yaron ya ce in cire wannan, wai ba ya cikin doka. Na ce ya bar shi.

Lauyan Talaka:
Ki bar shi Hajiya. Ki tura ta imel don ki samu shaidar ranar da kika aika, kuma ki ajiye kwafi.

Auta:
Jama'a ga ni a fili yanzu haka, zan tafi Legas. Jirgin 4 ne, yanzu 6 da kwata, ba a ce komai ba. Na je kanta na ce awa 2 ta cika, ina abin sha? Yarinyar ta dube ni kamar na yi mata Sinanci, ta shiga ciki. Ta fito da katan ɗin ruwa da biskit, wai duk mai so ya zo ya ɗauka, amma a hankali ta faɗa, mu na gaba kawai muka ji.

Maman Hanifa:
Akwai tsofaffi a wurin?

Auta:
Akwai wani dattijo da matarsa can ƙarshen layin kujeru, da alama asibiti za su, akwai ambulan ɗin hoton ƙirji a hannunsa. Bari in kai musu nasu in tambayo musu ko jirgin ya taso daga can.